Gani Ya Kori Ji? Matsalolin Kai Kotu Wurin da Aka Aikata Laifi a Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan ziyarar da kotu kan kai wurin da aka aikata laifi a sarari, kamar lungu ko fili ko bakin kududdufi, domin ta gane wa idonta abin da shaidu suka faɗa. An ɗauki Limancin Kona da ke cikin birnin Zariya a matsayin fagen misali. An duba tanadin dokokin Nijeriya da na fiƙihun Malikiyya, sannan aka bi matsalolin da ziyarar ke cin karo da su ta fuskar yanayi da lokaci da tsarin unguwa da kuma harshe. Maƙalar ta nuna cewa kotu kan tarar da wurin ne bayan ya riga ya sauya, don haka amfanin ziyarar ya rataya a kan yadda aka rubuta abin da shaida ya nuna da hannu da abin da ya faɗa da Hausa.

Fitilun Kalmomi: ziyarar kotu, shaida, ƙarina, Limancin Kona, kalmomin nuni

1.0 Gabatarwa

Idan shaidu biyu suka saɓa a gaban alƙali, ɗaya ya ce daga ƙofar gidansa ana hango inda aka sari mamaci, ɗayan ya ce akwai kwana a tsakani, babu wata hikimar lauya da za ta warware saɓanin kamar a tashi a je a duba. Dalilin da ya sa ke nan dokokin ƙasashe da dama suka ba kotu damar barin zaurenta ta je wurin da abin ya faru. Lauyoyin Nijeriya suna kiran wurin da lafazin Latin, locus in quo, malaman fiƙihu kuwa suna kiran aikin mu'ayana. Bahaushe ya daɗe da taƙaita hikimar da cewa gani ya kori ji.

Sai dai shari'ar kisan kai kan ɗauki shekaru kafin a kai ga wannan ziyara, kuma rai ne a kan gaba, domin hukuncin kisa da gangan a Dokar Final Kot shi ne kisa. Idan abin da kotu ta gani ya yaudare ta, ana iya sakin mai laifi ko a rataye marar laifi. Saboda haka ya dace a tambaya: mene ne ainihin abin da kotu ke gani idan ta iso, kuma ta yaya yake shiga cikin kundin shari'a?

2.0 Wa Ke Zuwa Ganin Wurin?

A Ingila da Amurka, gungun mutanen gari da ake kira juri, galibi su 12, su ne ke yanke hukunci a kan ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, alƙali kuma ya bayyana musu doka. Su ake ɗiba a mota a kai wurin, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan kotu, ba tare da barin kowa ya yi magana da su ba. A Gana, inda akwai Hausawa masu yawa a zangunan Kumasi da Akara, ana shari'ar kisan kai da juri mai mutum 7. A Nijeriya kuwa an taɓa aiki da wannan tsari a Legas, aka daina a zamanin mulkin soja, bai kuma kafu a Arewa ba.

A ƙasar Hausa alƙali ne mai auna shaida, shi ne kuma mai yanke hukunci, tun zamanin da yake zama da muhuttansa a zaure har zuwa yau. Kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat ya shugabanta, shi ya share fagen Dokar Final Kot da dokar bin ƙa'idar shari'ar laifuka waɗanda suka fara aiki a Jihar Arewa a 1960, kuma a Makarantar Horas da Ma'aikata ta Kongo a Zariya aka horar da alƙalai a kansu. Ke nan, idan an ce kotu ta fita, ana nufin alƙali da magatakardansa da tafinta da lauyoyin ɓangarorin biyu da shaidu da wanda ake tuhuma tare da gandirobobi da 'yan sanda. Wannan ya sauƙaƙa wata matsala, tun da babu mutum goma sha biyu da za a killace. Amma ya tsananta wata, domin ido ɗaya ne ke gani, kuma mai idon shi ne zai rubuta hukunci.

3.0 Matsayin Ziyarar a Doka da Fiƙihu

3.1 Dokar Ƙasa

Sashe na 127 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa hanyoyi biyu. Ta farko, kotu ta ɗage zamanta zuwa wurin, a ci gaba da shari'a a can kamar ana cikin zaure. Ta biyu, kotu ta je ta duba kawai, idan an dawo a ba da shaidar abin da ya gudana. A duka biyun wajibi ne wanda ake tuhuma ya halarta. Sashe na 263 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ya ƙara da cewa kotu ta ba da umarnin da zai hana shaidu yin magana da wanda ake tuhuma a wurin. Jihar Kaduna ta yi tata dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2017. Tun a shari'ar Dogbe ta 1947, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta nuna muhimmancin mayar da shaidun da suka yi nuni a wurin cikin akwatin shaida, su faɗi abin da suka nuna bisa rantsuwa, a kuma yi musu tambayoyi. Manyan kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa manufar ziyarar ita ce kawar da shubuha a shaidar da aka riga aka bayar. Ba a yarda a yi amfani da ita wajen cike giɓin da mai gabatar da ƙara ya bari ba, kuma ba a yarda alƙali ya mayar da kansa shaida ba.

3.2 Fiƙihun Malikiyya

Limancin Kona unguwa ce ta malamai da makarantun zaure, kuma Limamin Kona yana cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau. Littattafan da aka saba karantawa a irin waɗannan zauruka, kamar Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhufa ta Ibn Asim, sun yi wa wannan batu iyaka tun da daɗewa. Abin da ya shahara a mazhabar shi ne alƙali ba ya hukunci da saninsa na ƙashin kansa, da abin da ya tabbata a gabansa ta hanyar shaida ko iƙirari ko rantsuwa yake yi. A rigimar fili ko gida, yakan aika adalai biyu su tsaya shaidu su nuna musu iyakoki, abin da ake kira hiyaza, su dawo su shaida masa. A rigimar gini yakan aika masana sana'ar. Ibn al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini bisa irin waɗannan aike-aike da alƙalai suka riƙa yi masa.

A babin kisa ma akwai darasi. Ƙasama, wato rantsuwa 50 da magadan mamaci ke yi, ba ta tabbata sai da lausu, wato alama mai ƙarfi da ke sa zargi ya rinjaya. Daga cikin misalansa akwai adali ya ga mutum yana birgima cikin jininsa, wanda ake zargi yana kusa da shi da alamun kisa a jikinsa. Amma samun gawa a unguwar wasu mutane ko a gidansu kaɗai ba lausu ba ne a wajen Malikawa, saɓanin Hanafawa da ke ɗora wa mutanen unguwar rantsuwa da diyya. Hujjar Malikawa ita ce mai kisa na iya ɗauko gawa ya yar a ƙofar wasu don ya ɓatar da sawu. Wato tun da can malamai sun lura cewa wuri na iya ba da labarin ƙarya.

4.0 Matsalolin Ziyarar a Aikace

Domin sauƙin bayani, a ƙaddara an sari wani mutum a lungu kusa da kududdufi a Limancin Kona bayan Magariba a watan Agusta, wani maƙwabci ya ce ya ga abin daga dakalin ƙofar gidansa, kotu kuma ta yanke shawarar zuwa a watan Fabrairu bayan shekara biyu da rabi.

4.1 Wuri Ba Ya Jiran Kotu

Sauyin yakan fara tun a daren. Musulunci ya kwaɗaitar da gaggauta jana'iza, kuma babu maƙwabcin da zai bar jini a hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo. Kafin gari ya waye an share, an zuba ƙasa, sawun masu jaje ya tattake duk wani sawu. Daga nan sai yanayi ya karɓa. Daminar Zariya takan kai daga Mayu zuwa Oktoba, da ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. A watan Agusta kududdufi ya cika ya tumbatsa, ciyawa ta yi tsawo, dawa ko masarar da aka shuka a kangon da ke gefe ta fi mutum tsayi. A Fabrairu an girbe, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye ya bar hanyar ƙafa a inda babu ita a da. Alƙalin da ya tsaya a kan dakali ya hango wurin tas zai iya gaskata shaidan, alhali a ranar da abin ya faru karan dawa ya tare tsakani. Haka kuma katangar ƙasa kan zube da damina, a tayar da ta bulo wadda ta fi ta tsawo, ko a cike bakin kududdufi a kafa shago, sai kotu ta ƙaryata mai gaskiya saboda abin da bai wanzu ba a lokacin.

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A shari'ar lauya Alex Murdaugh a Karolaina ta Kudu ta Amurka, wanda aka tuhuma da kashe matarsa da ɗansa a watan Yunin 2021, an kai juri gonar ranar 1 ga Maris 2023, duk da ƙorafin masu gabatar da ƙara cewa itatuwan da ke tsakanin gidan da wurin kisan sun ƙara girma. Wani lokaci ma hannun mutum ne ke sauya wurin. Kafin a kai juri gidan O. J. Simpson a Los Anjelas a watan Fabrairun 1995, lauyoyinsa sun sauya hotunan da ke rataye a bangon gidan. A Zariya kanta, kwamitin binciken da Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya shugabanta a kan rikicin Disamban 2015 ya fara aiki a 2016 ne, bayan an rushe Husainiyya da gidan da ke Gyallesu, wato manyan wuraren da abin ya faru.

4.2 Lokaci da Haske

Kotu da hantsi take fita, laifi kuwa sau da yawa da duhu ake aikata shi. Shaida Bahaushe bai cika ambaton ƙarfe ba, da salla yake auna lokaci: bayan Magariba, kafin Lisha, ana kiran assalatu. A Zariya rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:00 a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai kusan ƙarfe 7:00. Idan tafinta ya mayar da "bayan Magariba" zuwa "wajen ƙarfe bakwai" ba tare da duba watan da abin ya faru ba, ya sauya adadin hasken da shaidan ya gani da shi. Akwai kuma batun farin wata. Daren sha huɗu ga wata ana iya gane mutum daga nesa, amma a goman ƙarshe wata ba ya fitowa sai dare ya raba. Hadarin Agusta kan rufe shi gaba ɗaya, hazon hunturu kuma kan rage nisan gani ko da rana. Ko akwai wutar lantarki a daren, ko fitilar mai shayi ce ke haska lungun, duk waɗannan ba abubuwa ne da ziyarar hantsi za ta nuna ba. Mayar da ziyarar zuwa dare zai kusantar da kotu ga gaskiya, amma zai ninka haɗarin tsaro.

4.3 Lungu da Taro da Tsaro

Tsohon birni ba a tsara shi don mota ba. Ayarin da ya taso daga Babbar Kotu a Dogarawa, da motar da ta ɗauko wanda ake tuhuma daga gidan yari, za su tsaya ne a bakin titi a ƙarasa da ƙafa ta lungun da mutum biyu ba sa jerawa cikin walwala. A nan sharaɗin raba shaidu da wanda ake tuhuma yakan zama da wuya, haka ma raba shaida da shaida, domin wanda ke jiran a kira shi yana kallon inda na farko ya nuna.

Kafin kotu ta iso labari ya riga ta. Yara da almajirai da masu wucewa za su taru, dangin mamaci kuma maƙwabta ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, ya kuma ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Zagaya unguwa da mutum da ankwa a hannu yana karo da wannan ƙa'ida a idon jama'a, kuma yana iya tayar da tarzoma. Shaidan da ya saki jiki ya yi magana a zauren kotu zai iya daburcewa idan aka ce ya nuna gidan wane a gaban mutanen da zai ci gaba da haɗa sahu da su a masallaci. Sannan akwai muryar taro. Wani zai ɗaga murya daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nan ba ne, gaban rimin can ne." Wannan magana ba ta da rantsuwa, ba a yi mata tambayoyi ba, ba ta da gurbi a kundi, amma ta riga ta shiga kunnen alƙali.

4.4 Katanga da Shiga Gida

Ko da laifin a waje aka yi shi, mai shaida sau da yawa daga ciki ya gani: matar da ta leƙo ta kan katanga, ko yarinyar da ke kan soro tana kwashe shanya. Don a gwada maganarta dole alƙali ya tsaya inda ta tsaya. Gidan Bahaushe kuwa zaure ne iyakar baƙo namiji, balle a unguwar malamai inda ake kiyaye kulle. Shigar da ayarin maza, har da wanda ake tuhuma, cikin gida yana buƙatar izinin maigida da shiga tsakanin mai unguwa. Amma sanar da su da wuri yana ba da damar a gyara wurin ko a shirya shaida. Tsawon mai kallo ma abin lura ne, domin abin da dogon alƙali ya hango ta kan katanga, gajeriyar mace ba lalle ta hango shi ba sai ta taka turmi.

4.5 Harshe: Nan da Can

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar manazarta Hausa. A Babbar Kotu da Ingilishi ake rubuta kundi, shaida kuma da Hausa yake magana. A wurin da abin ya faru, kusan duk maganarsa nuni ce: "Ina nan, shi yana nan, suka ɓullo ta can." Nazarin Jaggar da Buba na 1994 ya nuna cewa nan da can kalmomi huɗu ne da karin sauti ya bambanta. Nân mai karin faɗau kusa da mai magana take nufi, nan mai karin sama kusa da wanda ake yi wa magana, cân mai faɗau wuri mai nisa da ake hangowa, can mai karin sama kuwa wuri mai nisan gaske, sau da yawa wanda ido ba ya kai wa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti, Ingilishi kuma kalmomi biyu yake da su a wannan gurbi. Ke nan bambancin da ke tsakanin wurin da shaida ke hangowa da wanda ba ya hangowa, wanda shi ne jigon shari'ar baki ɗaya, yana iya ɓacewa tsakanin bakin shaida da alƙalamin mai rubutu.

Haka abin yake ga awo. Taku da gaba da kamu sun danganta da jikin mai awon. "Ba nisa" da "ɗan taƙi kaɗan" ba su da adadi. "Bayan gida" na iya zama bayan ginin, ko makewayi. "Gaban masallaci" na iya nufin ɓangaren alƙibla, ko ɓangaren ƙofar shiga, ko kuma idan an wuce masallacin. Alƙalan ɗaukaka ƙara ba su je wurin ba, kundi kawai za su karanta. Idan abin da ke ciki shi ne "shaida ya nuna wurin", to ziyarar ba ta bar musu komai ba.

5.0 Abin da Zai Rage Matsalolin

Maganin farko yana hannun ɗan sanda mai bincike: hoto da bidiyo da zanen taswira mai awo a ranar farko, da rubuta kwanan wata na Miladiyya da na Hijira da yanayin haske. Da waɗannan ne kotu za ta gwada wurin jiya da na yau. Kafin a fita, ya kamata a rubuta takamaiman tambayar da ake son ziyarar ta amsa, a kuma ji daga bakin ɓangarorin biyu abin da ya sauya a wurin. Idan zai yiwu a daidaita ziyarar da irin lokacin shekarar da abin ya faru, ya fi. A wurin, a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, duk inda aka nuna a sa masa alama a auna shi da mita a gaban lauyoyi, a rubuta kalmar Hausar da shaida ya furta tare da fassararta, a naɗi murya domin karin sauti ya tsira. Tsarin hiyaza ma yana da abin koyi, domin a cikinsa masu gani daban, mai hukunci daban, kuma ana iya yi wa masu ganin tambaya. Sassan Hausa na jami'o'i suna da rawar takawa wajen horar da tafintocin kotu da tattara kalmomin wuri da lokaci da awo kamar yadda ake amfani da su a kowane karin harshe.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa kotun da ta shiga lungunan Limancin Kona ba za ta tarar da daren da aka yi laifi ba. Za ta tarar da tazara da kwana da tsawon katanga, waɗanda za ta auna maganar shaida da su, muddin an tabbatar ba su sauya ba. Dokar Shaida da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a kan hana alƙali dogara da idonsa shi kaɗai. A shari'a, gani ba ya korar ji sai an mayar da abin da aka gani magana rubutacciya wadda wanda ake tuhuma zai iya ƙalubalanta, kotun gaba kuma ta iya bibiya. Wannan aiki na mayar da nuni zuwa rubutu ya cancanci nazari na musamman daga masana harshe, ta hanyar halartar irin waɗannan ziyarce-ziyarce da kwatanta abin da aka furta da abin da aka rubuta.